A Duba Murhu Da Hanyar Hayaƙi Kafin Sanyi Ya Kankama

Wadda ke bakin murhu yanzu haka, ki ɗan matso da rediyon kusa, domin maganar yau a kan murhun nan da kike gabansa take.

Iskar hunturu ta fara kaɗawa. Leɓe ya fara tsagewa, yara sun fara maƙale hannu a hammata da safe, ruwan randa kuma ya zama sai an yi ta maza kafin a taɓa shi. Wannan shi ne lokacin da wuta ke matsowa kusa da mu. Ana jin ɗumi a tsakar gida, ana ɗora ruwan wanka tun asuba, wasu ma har cikin ɗaki suke shiga da garwashi. Shi ne kuma lokacin da 'yan kwana-kwana ba sa samun hutu. Saboda haka na ga ya dace mu tattauna a kan abu biyu da ke tafe tare, wato wuta da hayaƙinta, da kuma dalilin da ya sa ya kamata wanda ya san aiki ya riƙa duba mana wurin da muke hura wuta.

Zan fara ɗaukar ku zuwa ƙasashen da sanyi ya fi namu tsanani, domin can ne wannan al'amari ya zama sana'a sukutum. A Ingila da Jamus da Amurka, gidaje da yawa suna da murhun jin ɗumi a cikin falo, an gina shi a jikin bango. Daga saman murhun akwai wani dogon bututu na bulo ko na ƙarfe da ya ratsa rufi ya fita sama. Aikin bututun shi ne ya zuƙe hayaƙi ya fitar da shi waje. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta yi sama ta cikin bututun, ita kuma iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta ciyar da wutar. Muddin hanyar a buɗe take, mutanen gida za su ji ɗumi ba tare da sun shaƙi hayaƙi ba.

To ina matsalar take? Idan itace yana ci, musamman ɗanye ko jiƙaƙƙe, hayaƙinsa yana ɗauke da wani maiƙo. Da ya taɓa jikin bututu mai sanyi sai ya daskare ya manne, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya zama kamar kwalta. Wannan abu ɗan'uwan kunkunniyar nan ne da muke gani tana reto a rufin madafarmu. Shi kansa makamashi ne. Ranar da tartsatsi ya same shi, sai bututun ya kama da wuta daga ciki, zafin ya kan kai digiri 1,000, bulo ya tsage, wuta ta lasa katakon rufi. Mutanen gida suna zaune a falo ba su san sama tana ci ba. Ban da wannan, tsuntsaye kan yi sheƙa a bakin bututun lokacin zafi da ba a amfani da shi. Ranar da aka fara hura wuta, hayaƙi ya rasa hanya, sai ya dawo cikin ɗaki.

Shi ya sa suke da masu sana'ar share bututun hayaƙi da duba lafiyarsa. A Amurka, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kare gobara ta ƙasar ta ce a duba murhu da bututunsa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma masu aikin suna cewa idan kunkunniyar ta kai kaurin milimita 3 to lokacin shara ya yi. A Jamus kuwa doka ce. Kowane yanki yana da jami'in da aka ɗora wa alhakin shiga gidaje ya duba wuraren hura wuta sau biyu a cikin shekara bakwai, kuma mai gida ba shi da ikon hana shi. Za ku gan su da baƙaƙen kaya da doguwar hula, Jamusawa har camfi suke yi cewa haɗuwa da su sa'a ce. Idan mai duban ya zo, yakan leƙa bututun da fitila, a yanzu ma da 'yar kyamara. Zai duba tsaga a bulo, ya duba ko wani abu ya toshe hanya, ya gwada ko hayaƙi yana hawa yadda ya kamata, ya ga tazarar da ke tsakanin wuta da katako. Abin da idon mai gida ba zai gani ba, shi nasa idon ya saba da shi.

Ba haka kawai suka wayi gari da wannan tsari ba, wuya ce ta koya musu. A ranar 2 ga Satumba na shekarar 1666, wuta ta tashi da tsakar dare a wani gidan burodi a birnin Landan. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje kusan 13,200 da coci-coci 87. Daga tanda ɗaya fa. Bayan nan aka ce a riƙa gini da bulo da dutse. Su kuma bututun hayaƙi na wancan zamani matsattsu ne, babba ba ya iya shiga, sai aka riƙa tura ƙananan yara marayu da 'ya'yan talakawa suna kankare kunkunniya da hannu. A shekarar 1775 wani likita mai suna Percivall Pott ya lura cewa waɗanda suka yi wannan aiki tun suna yara suna kamuwa da ciwon daji a fatar marainansu, ya ce kunkunniyar ce sanadi. Sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara cikin bututu. Kun ga ke nan baƙin da muke sharewa da tsintsiya muna shaƙa ba ƙura ce kawai ba.

Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu, tunda ba mu da irin wannan murhu a falo? 'Yar uwa, ai namu ya fi nasu buƙatar kulawa. Su wutarsu tana da hanyar da aka gina mata. Mu tamu sau da yawa ba ta da ko ɗaya. Duwatsu uku ne a cikin 'yar madafa mai ƙaramar taga, tagar ma an cusa mata tsumma saboda iska na kashe wuta. Uwargida tana durƙushe tana fifita, ido na hawaye, jariri na goye a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon haƙarƙari na yara, da tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido, duk hayaƙi yana da hannu a cikinsu. Kuma mata da yara ne a gaba, domin mu ne a bakin murhu.

Wannan hayaƙin da ake gani ke nan. Akwai wanda ba a gani, kuma shi ya fi saurin kisa. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko fetur ko gas, idan bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A cikin jininmu akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan guba ta fi iskar kirki saurin manne wa sinadarin fiye da sau 200. Sai mutum yana numfashi amma jikinsa ba ya samun komai. Mai barci ba ya farkawa, barcin ne kawai ke ƙara nauyi.

A nan ne gawayi ke yaudarar mu. Muna cewa bari ya ruru ya daina hayaƙi sannan a shiga da shi ɗaki. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da gubar ba. Hayaƙin da ke sa mutum ya gudu ne kawai ya tafi.

Ni kaina na ga wannan da idona. Ina 'yar shekara goma sha uku aka kai ni hutu gidan gwaggona, cikin tsakiyar sanyi. Wani dare ta zuba garwashi a kasko ta shigo da shi ɗaki, ta ja ƙofa, ta sa tsumma ta toshe ƙasan ƙofar don kada iska ta shigo. Mu huɗu ne a ɗakin. Can cikin dare na farka kaina kamar ana sara da gatari. Na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Ƙaramar 'yarta ta yi amai a kan shimfiɗa, ita gwaggo ina kiran ta tana amsawa da ƙyar. Allah ya sa abokiyar zamanta ta fito kama ruwa ta ji kakarin yarinyar, ta buga ƙofa ba a buɗe ba, ta tashi maigida aka ɓalle. Aka fito da mu tsakar gida. Da gari ya waye kowa da abin da yake faɗa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tuwon dare ne aka sa wa wani abu. Har an fara kallon baiwar Allahn da ta cece mu, domin ita ce da girki. Sai da aka kai yarinyar asibiti, ma'aikacin ya tambaya ko an kwana da wuta a ɗaki, sannan gaskiya ta fito. Ku duba fa, kaskon wuta ɗaya ya kusa ɗaukar rai huɗu, ya kuma kusa raba zumuncin gida.

Don haka ku riƙe alamomin nan. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, ruɗewa, wani lokaci ciwon ƙirji. Sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, amma galibi babu zafin jiki. Babbar alama ita ce mutanen ɗaki ɗaya su kamu a lokaci ɗaya, kuma da an fita waje a ji sauƙi. Idan kika ga kullum kina tashi da ciwon kai a kwanakin da kika kwana da wuta ko kika yi girki a rufe, kada ki tsaya shan maganin ciwon kai, ki binciki ɗakin. Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan guba. Haka jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya.

Wannan ya kawo ni kan ɗakin mai jego. Al'adarmu ce a gasa mai jego, a wasu wuraren har yanzu ana hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, ko a ajiye garwashi a ɗaki don kada sanyi ya shige ta. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi. Amma tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin gado da na wanka da yawan shan kunun kanwa. Ga kuma jariri ɗan kwana uku a ɗaki rufe da garwashi. Ina roƙon iyayenmu da kakanninmu masu kula da jego, a ɗumama ɗaki da rana ƙofa a buɗe, a fitar da wutar tun kafin a kwanta, a ƙara wa uwa da ɗa bargo da safa da hula.

Sai janareta. Shi ma wannan guba yake fitarwa, kuma da yawa. Mun sha jin labarin iyali guda da aka wayi gari babu ko ɗaya, saboda an kunna inji a baranda ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Janareta ba ya kwana a ɗaki, ko a soro, ko a ƙarƙashin taga. Masana suna cewa a nisanta shi da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin salansarsa yana kallon waje. Idan gidan bai kai haka faɗi ba, a kashe shi kafin barci.

To wa zai duba mana? Ba mu da jami'in da zai ƙwanƙwasa ƙofa kamar na Jamus, amma muna da masu sana'a, kuma kowanne da ɓangarensa.

Na farko magini. Ya shiga madafa ya duba ko hayaƙi yana da mafita. Ana son kafa a sama kusa da rufi inda hayaƙi zai fita, da wata a ƙasa ko ƙofa inda iska za ta shigo. Ya duba azara ko katakon da ke saman murhu, ko zafi ya fara cinye shi. Ya duba bangon da ke tsakanin madafa da ɗakin kwana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, hayaƙi ma haka. Idan rufin ciyawa ne ko zana ce a kusa, a matsar da murhun.

Na biyu mai walda ko maƙeri. Masu murhun zamani mai bututu, da masu tandar gashi ko murhun suya na sana'a a cikin gida, ku sa a kwance bututun a kakkaɓe shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin sanyi. A duba tsatsa da huji, a duba inda ya ratsa rufi kada ya jingina da katako ko silin, a tabbata bakinsa ya zarce rufin kuma zanzaro ko tsuntsu bai yi gida a ciki ba. Bututun da ya toshe ya fi babu haɗari, domin an saki jiki da shi.

Na uku mai gyaran gas. Ya duba tiyo ko ya tsattsage, ya duba kan tukunyar da maɗaurinsa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikinta. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, kan murhun yana son wanki ko gyara.

Na huɗu mai gyaran lantarki, saboda lokacin sanyi ne ake jona hita a tsohon soket, a manta da ita a bokiti, a ɗauke wuta a dawo da ita ba kowa a kusa.

Na san yawancinmu ba fita muke yi ba, kuma ba mu ne za mu kira namiji cikin gida ba. Wannan aikin maigida ne, amma ke ce za ki sanar da shi, domin shi bai san yadda madafar take ba. Zai yi shekara bai leƙa ta ba. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki ce, "Maigida, don Allah in ka sami sarari ka zo ka ga rufin madafa." Ki nuna masa baƙin da ya taru, ki gaya masa yaro kaza tarinsa ya ƙi ƙarewa. Idan ya ce babu kuɗi, ki tuna masa a hankali cewa ladan magini na yini ɗaya bai kai kuɗin sake rufin gida ba. Ranar da mai aikin zai zo, ku shiga ɗaki, maigida ko babban ɗa ya tsaya a kansa, ke kuma ki riga ki lissafa masa abin da za a duba. Idan gidan haya ne, a yi wa mai gidan magana. A Ingila tun 2015 doka ta tilasta wa masu ba da haya su sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan guba a duk ɗakin da ake ƙona itace ko gawayi. Na'urar 'yar ƙarama ce mai batir, wanda Allah ya hore wa ya nema a wurin masu sayar da kayan kashe gobara.

Akwai kuma abin da ke hannunki, ba sai kin jira kowa ba. Ki cire tsumman da ke tagar madafa yau ɗin nan. Ki share kunkunniya da doguwar tsintsiya bayan wuta ta mutu, ki ɗaure hanci da baki, ki fitar da yara. Ki shanya itace ya bushe sosai, ɗanye shi ke kawo hayaƙi da maiƙo. Kada ki hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. In da hali ki yi girki a tsakar gida ko a rumfa, ki sauke goyo ki ba wani ya riƙe nesa da hayaƙi. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar tiyon gas, in ya yi kumfa yana tasowa to yana yoyo. Kada a gwada da ashana. Idan kin ji warin gas, ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kada ki zuba wa risho kananzir yana ci. Galan ɗin fetur kuma ba shi da wuri a madafa ko ƙarƙashin gado. Ki kula da gefen hijabi da mayafi, irin yadin nan na roba da ya kama narkewa yake yi a jikin fata. Kafin ki kwanta ki zagaya, ki yayyafa wa garwashi ruwa, ki kashe kyandir, ki ajiye bokitin yashi kusa da madafa.

Idan kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin yi. Wanda ya shaƙi guba a buɗe ƙofofi a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin maganinsa iskar oksijin ce da ake sa wa a hanci. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, shaƙe shi za su yi. Idan mai ya kama a kasko, a rufe da murfi a kashe wutar ƙasa, kada a watsa ruwa. Wadda zanenta ya kama kada ta ruga, ta kwanta ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka. Gobara kuwa, a fara fitar da yara, a yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Uwargida, idan wuta ta tashi kada ki tsaya neman mayafi ko jiran izini, kuma kada ki koma ɗauko kaya. Ku yi wannan magana da maigida tun yanzu, a san inda makullin ƙofar gida yake kwana.

'Yan uwana, Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Landan sai da garinsu ya ƙone suka koyi duba murhu, mu ga shi mun ji a zaune. Wadda ta saurara ta gaya wa abokiyar zamanta, ta aika wa maƙwabciya, ta gaya wa 'yarta da ke ɗakin miji. Aikin da na ba ku na wannan mako guda ɗaya ne: idan an sauke tukunyar dare, ki ɗaga kai ki dubi rufin madafarki, ki nemo ta inda hayaƙinki yake fita. In ba ki gani ba, gobe ki yi wa maigida magana.

A nan zan dakata. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga bayan wannan sanyi lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.